Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ma'aikata Na Jihohin Arewa: A Koya Wa Sabon Shugaba Riƙon Mutane Tun Da Wuri

Zuwa ga Shugabannin Ma'aikata na jihohin Arewa 19, da shugabannin hukumomin kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi, da na ilimin bai-ɗaya, da na kiwon lafiya a matakin farko.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina neman izini in ja hankalinku kan wani giɓi da ke cikin aikin gwamnati. Ba ya fitowa a jarida, ƙungiyar ƙwadago ba ta taɓa tafiya yajin aiki saboda shi ba, amma kullum yana cin ma'aikata da talakawan da suke yi wa hidima. Giɓin shi ne yadda muke ɗaukar ma'aikaci mu ɗora shi a kan wasu ma'aikata, ba tare da an zaunar da shi ko na yini ɗaya an koya masa yadda ake riƙon mutane ba. Ku na rubuto wa domin horas da ma'aikata a hannunku yake, kuma takarda ɗaya daga teburinku ta isa ta canza wannan al'ada.

Ku dubi ƙaramin asibitin mazaɓa a ranar da aka kawo sabuwar shugaba, wadda muke kira incaji. Malamar lafiya ce da ta iya aikinta. Hannunta na da sauƙi wajen allura, mata sun yarda da ita a ɗakin awo, rajistarta ba ta da gyara. Saboda haka ma aka zaɓe ta. Ta iso da takardar canjin wurin aiki a jakarta, wanda za ta gada ya miƙa mata tarin makullai ɗaure da igiya, da littafin kaya, da takardar miƙa aiki mai shafi biyu, ya ce mata Allah ya taya riƙo, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Iyakar shirin da aka yi mata ke nan.

Kafin mako ya zagayo, ga abin da ke gabanta. Za ta tsara jadawalin aikin dare, kuma kowa na da uzurin da zai hana shi kwana. Akwai dattijon da ya fara aiki a wurin tun tana firamare, da shi ta saba gaisawa a durƙushe, yanzu kuma ita ce za ta tambaye shi dalilin da ya sa bai zo ranar Litinin ba. Akwai yarinyar da ba ta zuwa sai ƙarshen wata, kuma kowa ya san 'yar wane ce. Akwai masu aikin sa-kai da ba su da albashi, alhali su ne ke ɗauke da rabin aikin, suna jiran su ga ko za a tuna da su ranar rabon alawus na rigakafi. Ga ɗakin magani da lissafinsa bai daidaita ba tun kafin zuwanta. Sannan ga kuɗi. Tun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, wato BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, wani kaso na shiga asusun asibitocin da ke cikin shirin kai-tsaye. Ma'ana ita ce za ta zauna da kwamitin raya mazaɓa su tsara abin da za a kashe, ta sa hannu, ta kawo rasit. An taɓa kiran irinta bita kan yadda ake cike fom ɗin. Amma ba wanda ya koya mata abin da za ta ce idan shugaban kwamitin, wanda sa'an mahaifinta ne, ya nuna yana son a ba ƙaninsa aikin gyaran rufi.

Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke cikin abin da ta karanta a makarantar koyon aikin lafiya. Ku cire asibiti ku sa makarantar firamare, labarin bai canza ba: malamin da ya fi kowa iya koyar da lissafi ya wayi gari hedimasta, da malamai 20, da kwamitin iyaye, da mai unguwa, da rikicin fili. Ku sa sashen kuɗi na wata ma'aikata, ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, duk tafiyar ɗaya ce. Mun yi asarar ƙwararren ma'aikaci, ba mu kuma samu shugaba ba.

Mutumin da aka jefa cikin wannan hali ba ya zama haka nan. Dole ya nemi abin koyi, kuma abin koyin da ya fi kusa da shi shi ne ogan da ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Idan ya taso a hannun mai tsawa, wanda ke zazzage ma'aikaci a gaban masinja da baƙi, to haka zai ɗauka ana yi. Takardar tuhuma za ta zama gaisuwarsa, ma'aikata su koyi ɓoye masa matsala har sai ta fashe. Idan kuma mai kunya ne, sai ya zaɓi zaman lafiya da kowa. Ba ya iya cewa a'a, ba ya iya gyara wa na ƙasa, sai ya kwashe aikin mutum biyar ya ɗora wa kansa, yana ofis har bayan magariba, masu ƙwazo na kallon yadda malalata ke shan iska ba abin da ya same su, har su ma su saki jiki. Na ga duka biyun da idona, kuma yawancinsu mutanen kirki ne masu son a ce sun yi abin arziki. Rashin sani ne ya kai su, shekaru kuma suka mayar da rashin sanin hali.

Wannan ne ya sa nake nanata maganar lokaci. Watannin farko su ne lokacin da sabon shugaba ke da kunnen ji, domin yana cikin tsoro kuma ya san bai sani ba. A lokacin ne kuma ma'aikatansa ke auna shi, su yanke hukuncin irin zaman da za su yi da shi. In ya shekara uku yana tsawa kuma ba abin da ya faru, ya riga ya gamsu cewa tsawa na aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To amma ku dubi inda muke kai horon. Mai digiri yana shiga aiki a mataki na 08. In komai ya tafi daidai, shekara uku-uku yake yi a kowane mataki har zuwa na 14, daga na 15 kuma ya koma shekara huɗu-huɗu. Tun yana mataki na 09 ko na 10 an fara sa mutane a ƙarƙashinsa, a ƙauye ma tun kafin nan. Amma babban kwas na shugabanci da kowa ke buri, wato na Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, na manya ne da suka kai darakta ko sama. Kafin mutum ya kai nan ya haura shekara 20 yana mulkin mutane, a aikin da iyakarsa shekara 35 ne ko cika shekara 60 da haihuwa. Ba ina ƙorafi da Kuru ba ne, aikinta daban ne kuma ƙasa na buƙatarta. Abin da nake tambaya shi ne wa ya kula da shekaru 20 ɗin farko, da ɗaruruwan ma'aikatan da suka bi ta hannun wannan mutum a cikinsu. Kwalejin horas da ma'aikatan gwamnati ta ASCON da ke Topo a Badagry, wadda aka kafa a 1973, tana da kwasa-kwasan masu matsakaicin muƙami, amma ku da kanku kun san mutum nawa jiha ke iya turawa can a shekara, kun kuma san hedimastan ƙauye ba ya cikinsu.

Jarrabawar ƙarin girma ma ba ta toshe wannan rami ba. Ana tambayar mutum dokokin aikin gwamnati, da ƙa'idojin kashe kuɗi, da al'amuran yau da kullum. Duk suna da amfani. Sai dai mutum na iya haddace babin ladabtarwa kaf, ya kasa zama da ma'aikacin da ya fara makara ya gano cewa matarsa ce ke kwance a asibiti. Fom ɗin APER, wanda shugaba ke cikewa a ƙarshen shekara don auna ƙwazon ma'aikaci, shi ne babbar shaida. Kusan kowa na fitowa da maki mai kyau, mai aiki da marar aiki, domin wanda ke cikewa ba a taɓa koya masa yadda zai dubi idon na ƙasa da shi ya faɗa masa gaskiya ba tare da an ɓata ba. Gwamnatin Tarayya ta fara maye gurbin wannan fom da sabon tsarin auna ƙwazo, kuma na san jihohi za su bi sahu. Ina roƙonku ku lura: sabon fom a hannun shugaban da ba a horas ba, tsohon sakamako zai bayar. Mun taɓa ganin haka. Kwamitin Udoji, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, shi ya kawo mana matakan albashi na 01 zuwa 17, ya kuma yi dogon bayani kan horas da masu riƙe da ragama da auna aiki da sakamakonsa. Ƙarin albashin aka karɓa hannu bibbiyu, ɗaya ɓangaren aka bar shi a takarda.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Lokacin da Arewa ke shirin karɓar mulkin kanta, shugabannin wancan zamani sun san ba su da isassun mutanen da za su gaji Turawa. Makarantar da ke Kongo a Zariya, wadda ta fara a matsayin wurin koyar da akawuna a 1947 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, can aka riƙa tara ma'aikatan En'e da matasan da za a tura gundumomi, ana koya musu aikin kafin a damƙa musu shi. Da ƙarancin kuɗi da ƙarancin masu ilimin boko suka yi wannan. Soja har gobe a kan haka yake. Ba a ba hafsa runduna sai ya bi ta makaranta, kuma kowane hawa da kwas ɗinsa, tun daga NDA a Kaduna har zuwa Jaji. Kofur ma sai an koya masa riƙon 'yan mutanen da ke hannunsa. Me ya sa muka yarda cewa mai riƙe da sojoji goma na buƙatar horo, mai riƙe da malamai 20 da yara 800 kuma ba ya buƙata?

In muka koma baya, tushen ya fi haka zurfi. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai tura Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, bai sallame shi haka kawai ba, duk da irin ilimin Mu'azu. Ya gaya masa irin mutanen da zai tarar, ya jera masa abin da zai fara da shi da abin da zai biyo baya, ya gargaɗe shi da kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyar mutane wajen karɓar zakka, ya ce ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Shi da Abu Musa kuma ya umarce su da su sauƙaƙa kada su tsananta, su yi bushara kada su kore mutane, su haɗa kai kada su saɓa. A ƙasar nan tamu, Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan mai mulki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina littafin Usulus Siyasa. 'Yan'uwanmu Kirista su ma sun san shawarar da surukin Annabi Musa ya ba shi a Littafin Fitowa, cewa ya daina ɗaukar nauyin jama'a shi kaɗai, ya zaɓi amintattu ya raba musu. Manyan mutane irin waɗannan an zaunar da su an yi musu bayani. Mu kuma muna miƙa makullai mu juya baya.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce shugabanci baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ya ba shi. Gaskiya ne akwai wanda aka haifa da kwarjini da haƙuri, kuma ba kwas ɗin da zai sa wa mutum tsoron Allah. Amma yawancin abin da ke kayar da sabon shugaba ƙananan abubuwa ne da ake koya. Yadda za ka ba da aiki ka faɗi ranar da kake son sa, ka kuma koma ka duba. Yadda za ka kira mai laifi gefe maimakon ka tozarta shi a bainar jama'a. Yadda za ka ji ta bakin ɓangare biyu kafin ka yanke hukunci. Yadda za ka gudanar da taron minti 30 a tashi kowa ya san abin da ke kansa. Mai baiwa zai ƙaru da waɗannan, marar baiwa kuma aƙalla zai daina cutar da mutane.

Za a kuma ce babu kuɗi. Ranku ya daɗe, da girmamawa nake cewa kuɗin horo na fita, inda yake zuwa ne abin dubawa. An daɗe ana ware kashi 1 cikin 100 na kason ƙananan hukumomi domin horas da ma'aikatansu, kuma kowace ma'aikata na da layin horo a kasafinta. Mun san yadda bita ta koma: otal a Kaduna ko Abuja, jaka da biro, hoto a gaban allo, a sa hannu a karɓi alawus. Fuskokin da suka je bara su ne za su je bana, domin an mayar da bita hanyar kyautata wa na kusa. Kuɗin irin wannan taro guda ɗaya zai horas da sababbin hedimastocin ƙaramar hukuma gaba ɗaya a ɗakin taron sakatariya. Ɗan kasuwar Kantin Kwari bai taɓa jin sunan ASCON ba, amma ba zai buɗe wa yaronsa shago ba sai ya shekara da shekaru a gefensa yana ganin yadda ake magana da mai saye, da yadda ake bin bashi ba a rasa abokin ciniki ba. Ya san dukiyarsa ce za ta salwanta. Abin da ke hannun incaji da hedimasta amanar jama'a ce, ta fi ƙarfin atamfa.

Ga abin da nake roƙo. Ku fitar da umarni cewa duk wanda aka ba shugabancin mutane karo na farko, ko da mutum uku ne, dole ya samu horo kafin ya kama aiki, in ya gagara to cikin wata uku na farko. A rubuta ranar horon a jikin takardar naɗin, yadda ba zai zama alfarmar da sai an yi kamun ƙafa ba. Mako ɗaya ya isa a fara. A yi shi kusa da wurin aiki, a cibiyoyin horas da ma'aikata da jihohi da dama ke da su, ko a kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, da harshen da mahalarta suka fi sakewa da shi. In Hausa ce, a yi da Hausa.

Kuma don Allah kada a cika makon da lacca. A kawo matsalolin gaske a baje su: ga ma'aikacin da ya girme ka ya ƙi bin jadawali, tashi ka nuna mana yadda za ka yi masa magana. Ga kansila ya aiko da takarda a ɗauki wane, me za ka ce, wa za ka sanar, me za ka rubuta? Ga kuɗi sun shigo, ga ɗan'uwanka da rashin lafiya a gida. A nan ne mutum zai yi kuskurensa a gaban abokan karatu, a gyara masa, maimakon ya yi shi a kan talaka. A ba mata kulawa ta musamman a wannan fanni, domin macen da aka ɗora a kan maza, musamman a karkara, tana fuskantar gwajin da namiji bai san da shi ba, kuma sau da yawa ba ta da wadda za ta tambaya. Haka matashin da aka ɗora a kan dattawa. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abu ne mai kyau, kuma akwai hanyar da mutum zai ce Baba ya kuma ce a yi aiki, a cikin numfashi ɗaya. Waɗanda suka iya sun iya ne don sun gani a wurin wani.

Masu koyarwa kuwa ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Kowace jiha cike take da tsofaffin manyan sakatarori, da hedimastoci, da manyan nas-nas da suka yi ritaya da mutuncinsu, suna zaune a ƙofar gida da ilimin shekara 35 ba mai tambayarsu. Ku zaɓo waɗanda na ƙasa da su ke yabo, domin shaidar na ƙasa ita ce ta gaskiya a wannan fage. A haɗa kowane sabon shugaba da ɗaya daga cikinsu na tsawon shekara, wanda zai iya kira a waya in abu ya cushe, wanda kuma ba shi ne ke cike masa fom ɗin ƙarin girma ba, don ya samu sakin baki. Bayan wata shida a sake tara su na kwana biyu, kowa ya zo da abin da ya ci karo da shi. A wannan zama na biyu ne karatun ke kama jiki.

Sauran biyu ƙanana ne amma suna da tasiri. Miƙa aiki ya daina zama na awa ɗaya. A ba mai tafiya da mai zuwa aƙalla mako biyu tare, ya gabatar da shi ga mai unguwa da kwamiti, ya nuna masa inda ramuka suke. Sannan a riƙa saka mataimaka a cikin horon, tunda su ne shugabannin gobe, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina kuma roƙon kada a mayar da wannan kwangila. Da zarar ya zama hanyar fitar da kuɗi, zai mutu kamar sauran. Ku riƙe shi a ofishinku, ku sa a kawo muku sunayen waɗanda aka naɗa a kowane wata uku da sunayen waɗanda aka horas, ku gwada su da juna da kanku. Wanda duk ya ga kasafin ba zai ɗauki jiha gaba ɗaya ba, ya fara da ƙananan hukumomi uku da rukunin naɗi na gaba, ya tura masu duba aiki bayan shekara su tambayi ma'aikatan da ke ƙarƙashin waɗannan shugabanni yadda zaman yake.

Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ya ba ku ikon duba wannan koke.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin gwamnati daga Arewa